Taurin Kibiyar Dogo

Kwaram! Kibiyar Dogo ta sake dukan kwanon nan.

Wani tsohon fallen kwanon rufi ne da aka jingine a hagun buhun da suke harbi, can ƙarshen filin bayan sito. Shekara da shekaru yana nan tsatsa na cinsa, ba wanda ya ko kalle shi, don kibiya ba ta bi ta wajensa. Sai ga shi a 'yan makonnin nan ya zama shi ne mai baki a filin. Dogo ya saki tsirkiya, kwano ya amsa, tantabarun kan sito su tashi fir.

Kafinta yana tsaye a baya da nasa bakan. Ya sunkuya yana gyara takalmin da babu abin da ya same shi, don kada su haɗa ido.

"Iska ce," in ji shi daga ƙasa.

"Wace iska?" Dogo ya ce. "Dubi ganyen can, ko motsi ba ya yi. Kai dai in za ka yi ƙarya ka riƙa duba sama tukuna."

Su biyun nan tun ba su da gemu suke tare. Dogo tela ne, shagonsa na bakin titi kusa da mai gyaran agogo. Kafinta kuwa, to, sunansa ya riga ya faɗi aikinsa. Duk Asabar da yamma kowa ya ja ƙofar shagonsa, su haɗu a wannan fili. Ba gasa suke yi ba, ba farauta ba, ko ɓera ba su taɓa kashewa ba. Buhu ne kawai, Dogo ke cusa shi da ƙyallayen shago har ya yi dam, Kafinta ke yi musu kibiyoyi. Su yi harbi, su yi gardama, su sha shayin da ke cikin fulas ɗin Kafinta, rana ta yi ƙasa kowa ya koma gida ransa fes.

Hatta yadda ake farawa ba ya canzawa. Yatsun Kafinta guduma suka sani, ba su iya ƙulli ba, don haka Dogo ne ke ɗaura masa igiyar kwari a ƙugu. Kafinta ya ɗaga hannuwa sama, ya tsuke ciki iya ƙarfinsa, Dogo ya zagayo da igiya ya ƙulle. Sai Kafinta ya saki numfashi a hankali ya ce, "Ka gani ko? Ƙugun samartaka. Awon da ka ɗauka mini tun kafin in yi aure, har yau da shi kake ɗinka mini wando." Dogo ya ce, "Ai kai baiwa aka yi maka." Shi ma Dogon yana da nasa abin tinƙaho. Bakansa ya fi na Kafinta ƙarfi nesa ba kusa ba, yana jan tsirkiya har ta kai kunne, kibiyoyinsa kuma ga kauri ga tauri. "Kibiyar maza ke nan," yakan ce yana buga ta a tafin hannu. "Ba irin tsinken tsintsiyar da kake harbawa ba."

Ana nan sai babur ya zame da Dogo a wata kwana, ranar da aka yi ruwa, ya faɗi a kan kafaɗar dama. Aka ɗaure, ya sha jinya, ƙashi ya haɗe. Ya koma kan keken ɗinkinsa, ya koma fili. Amma tun da ya dawo kibiyarsa hagu take yi.

Kafinta ya san dalili, tun Asabar ɗin farko ya sani. Na baya yana ganin abin da mai harbi ba ya gani. Hannun Dogo ya daina kai wa kunne, a gefen baki yake tsayawa, ya ɗan yi rawa, sai ya saki. A da in ya ja, ƙarfen bakin kibiya har taɓa yatsansa na hagu yake yi. Yanzu kuwa sai a bar faɗin tafin hannu na sanda a gaba, ba a ja shi ba.

Mutane suna ɗauka kibiya a miƙe take barin baka ta tafi sak. Ina! Da an saki tsirkiya sai ta turo ta daga baya da ƙarfi, ƙarfen gaba kuma yana da nauyi, bai tashi ba tukuna, dole sandar ta lanƙwashe a tsakani. Da wannan lanƙwasar take kewaye mariƙin baka, sannan ta miƙe ta kama hanya. In sandar ta yi wa ƙarfin jan laushi, sai ta lanƙwashe fiye da kima, ta tafi dama tana kaɗa wutsiya. In ta yi tauri kuwa, sai ta ƙi lanƙwasa, ta gogi gefen baka, ta zame hagu. Kibiyoyin Dogo don mai ja har kunne aka yi su. Mai tsayawa a baki, sun fi ƙarfinsa. Ido lafiya lau, saiti lafiya lau, sanda ce kawai ta ƙi rusunawa.

Dogo ya je ya tsinto kibiyoyin a gindin kwano, ya dawo yana goge musu tsatsa da gefen rigarsa.

"Na gano matsalar," ya ce. "Sun tsufa. Ina kwance suna cikin kwari suna shan danshi, sun yi laushi. Ka yi mini sababbi, masu tauri. Waɗanda suka fi waɗannan."



"In su ma suka yi hagu," Dogo ya ci gaba, bai ɗago kai ba, "to ba kibiya ba ce, ni ne. Sai in rataye bakan a bango, ka nemi wani abokin."

A hankali ya faɗe ta, kamar mai zancen farashin zare, shi ya sa gaban Kafinta ya faɗi. Ya san mutuminsa. Dogon da ya bar mai askinsa na shekaru aru-aru, ya koma wani a can wata unguwa, don kawai ya ce masa gashi ya fara ja da baya? In ya ce zai rataye, ratayewa zai yi, ko ƙurar bakan ba zai bari a share ba. Ran nan ko shayin ma Kafinta bai ji ɗanɗanonsa ba.

A gida ya tarar da matarsa tana guga a tsakar ɗaki, ta shimfiɗa bargo a kan tebur, kayan wanki jibge a kujera.

"Baban yara, lafiya? Yau ba labarin wanda ya ci wani?"

Ya zauna a kan hannun kujera ya kwashe duka ya faɗa mata, har da ɗaukar sandar labule yana lanƙwasawa don ta gane.

"Ajiye mini wannan kafin ka karya," ta ce. "To ka faɗa masa mana. Abokinka ne."

"In ce masa me? Dogo, ƙarfinka ya ragu, ga tsinken tsintsiya? Abin da ya yi rabin rayuwarsa yana yi mini dariya a kai? Kafin in rufe baki ya rataye."

"To yi masa masu taurin da ya ce."

"Waɗannan ko kwanon ba za su samu ba, wucewa za su yi."

Ta kifa dutsen guga ta dube shi. "Ni dai in ya rataye, kada ka zauna mini a gida ranar Asabar kana gyara ƙofar da ba ta lalace ba. Na sha wannan lokacin jinyarsa. Har yau ƙofar kicin ba ta rufuwa daidai."

Ya yi 'yar dariya, amma ba ta kai ciki ba. "Wallahi tsoro nake ji," ya ce. "In ba Dogo a filin nan, ni da buhu me za mu ce wa juna?"

Ta ɗauko wandonsa daga cikin kayan, ta ware shi a gabanta, ta dubi wandon, ta dubi mijinta, sai ta yi wani murmushi ita kaɗai. "Ku biyun nan," ta ce, "sai Allah."

Ranar Litinin Kafinta ya bi ta shagon Dogo. Ɗan shago ne tsukukke, keken ɗinki a bakin taga, riguna rataye a igiya, guntayen alli a cikin murfin gwangwani, rediyo na ta surutunsa ba mai saurare. Dogo na zaune da tef a wuya, wata mata ta miƙa masa yadi tana rantsuwa mai shagon ya ce mata auduga ce zalla. Dogo bai ko duba ba. Ya murza gefen yadin tsakanin yatsu biyu, idonsa na kan titi.

"An haɗa da roba, ƙanwata," ya ce. "Ba laifi, zai yi kyau. Kada dai ki sa masa wuta da yawa wajen guga."

Da ta fita Kafinta ya ce ya zo karɓar baka ne, tsirkiyar ta fara sakin gashi, gara a sake ta tare da sababbin kibiyoyi. Dogo ya miƙa hannun hagu ya ciro bakan daga bayan ƙofa. Ya kuma jawo wani ƙunshi a ƙarƙashin tebur ya tura masa.

"Ga wandonka, tun jiya na gama."

"Da tsohon awo?"

"Da wanne kuma?"

Kafinta ya saka ƙunshin a hammata yana jin daɗi, ya saɓa baka ya fita. Yana taka bakin ƙofa Dogo ya ɗaga murya, "Masu tauri fa na ce!"

A bangon shagon Kafinta, can ciki bayan tarin katako, akwai ƙusoshi biyu da aka kafa a jere, tsakaninsu ya kusa tsawon kibiya. A ƙasa kuma wani ƙaton kwaɗon ƙofa ne da makullinsa ya ɓata tun tuni, an ɗaura masa ƙugiyar waya. Nan yake gwada tauri. Ya ɗora sanda a kan ƙusoshin, ya rataya kwaɗon a tsakiya, ya ga iya inda sandar za ta sunkuya. Layi biyu ne na fensir a bangon. Na sama, inda sanda ba ta cika sunkuyawa ba, na Dogo ne. Na ƙasa nasa ne.

Abin da yake nema a tsakanin layukan nan yake, amma ina? Kuma ba wannan kaɗai ba. In ya rage kauri, Dogo zai gani tun daga nesa. Dole sandar ta fito da kaurinta na da, ta kuma yarda ta lanƙwasa. Ya ajiye jan katakon nan mai nauyi da ya saba yi wa Dogo da shi, ya shiga tona. Can ƙasa ya samo ƙafafun wani tsohon gado na farin katako, busasshe, mara nauyi, jijiyarsa a miƙe tun daga sama har ƙasa. Ya tsaga shi bisa jijiya, ya fere, ya mulmula, ya bi da samfefa har sandunan suka yi sumul. Ya je wajen maƙeri ya sa aka yi masa bakin ƙarfe da ya ɗan fi na da nauyi, don baki mai nauyi yana ƙara sa sanda ta rusuna, kuma zai ɓoye rashin nauyin katakon a hannu.

Sai gwaji. A lungun bayan shago ya jingine buhun dusar katako. Ya ɗaura zare a jikin sanda daidai inda jan Dogo ke tsayawa yanzu, ya ɗana a bakan Dogo, ya ja. Kai! Kafin zaren ya iso yatsansa jijiyoyin wuyansa sun tashi. Ashe ko a rabin hanya bakan nan ba abin wasa ba ne. Ashe tsohon nan da sauransa.

Ta farko ta yi hagu, ba sosai ba, amma hagu. Ya dawo ya ɗauki ɓallin gilashi ya kankare tsakiyar sandar, kaɗan-kaɗan, yana juyawa, farin gari na zuba a kan gwiwarsa. Ya sake harbawa, har yanzu da saura. Ya sake kankarewa, haushi ya sa hannunsa ya yi nauyi, sai ga ta ta tafi dama tana rawa, ta je ta daki bokitin mai wankin mota da ke maƙwabtaka da shi.

"Baba Kafinta, yaƙi aka fara ne?" mutumin ya leƙo ta saman katanga.

"Yi haƙuri, ɗana. Kawar da bokitin dai."

Wannan ta lalace ke nan, abin da aka kankare ba ya dawowa. Ya ajiye ta gefe ya ɗauki wata. Haka ya yi ta yi a ranakun nan, in ya gaji da haɗa kujerun mutane sai ya koma lungu. Kankara, rataya kwaɗo, harbi. Kafaɗarsa ta yi tsami, matarsa na shafa masa man zafi tana yi masa tsiya. Har ranar da wata ta bar bakan shiru, ba gogar gefe, ba kaɗa wutsiya, ta shige tsakiyar buhu a miƙe, tub. Ya ciro ta ya sake, tub. Ya kai ta kan ƙusoshi ya rataya kwaɗo. Sandar ta sunkuya, ta bar layin Dogo a can sama, ta zo ta tsaya saman nasa layin da kaurin yatsa ɗaya.

Kafinta ya zauna a kan benci ya yi dariya har da riƙe ciki. Tsinken tsintsiya! Yayan tsinken tsintsiya dai, in an yi adalci. Daga baya dariyar ta tsaya, tausayi ya kama shi. Ya ja sabon layi a bangon, ya daidaita sauran sandunan a kansa ɗaya bayan ɗaya. Ya shafa musu launi har suka yi ja kamar na da, ya liƙa gashi, ya zana zobba jajaye a gindi irin waɗanda Dogo yake so. A ido, ko shi da ya yi su ba zai raba su da tsofaffin ba. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Tun da ya fara sana'a bai taɓa miƙa wa mutum wani abu ya ce masa wani abu ne daban ba, sai ga shi zai fara a kan amininsa.

Asabar ta zo. Kafinta ya riga isa, sanye da sabon wando, baka biyu a kafaɗa, fulas a hannu. Dogo ya iso ba fara'a, gaisuwar ma a taƙaice. Ko ta kan igiyar kwari bai bi ba, ya bar Kafinta tsaye riƙe da kwarinsa a hannu.

"Ina suke?"

Kafinta ya kwance ƙunshin. Dogo ya zari ɗaya. Ya ja ta tsakanin yatsunsa tun daga gindi har baki, idonsa na kan buhu. Da yatsun suka iso tsakiya sai suka tsaya, suka koma baya, suka sake wucewa. Ya ɗora ta a kan yatsa ɗaya ya ga inda nauyi ya rinjaya. Kafinta ya yi tarin da ba shi da dalili. Dogo ya juyo ya dube shi, kallo mai tsawo.

Ya karɓi bakansa, ya gyara tsayuwa, ya ɗana. Ya ja. Hannun ya zo gefen baki ya tsaya, ya yi 'yar rawarsa. Kafinta ya ga tantabarun kan sito, ya ga kwanon, ya runtse ido ɗaya.

Tub.

Tana cikin buhu, ƙasa kaɗan da tsakiya, a miƙe. Tantabaru ko gezau.

Dogo bai juyo ba. Ya miƙo hannu baya, Kafinta ya saka masa wata. Tub. Wata kuma. Tub. Ya harbe su kakaf, suka taru wuri guda da tafin hannu biyu zai rufe, kwano bai ce komai ba. Daɗi ya cika Kafinta har ya rasa inda zai sa kansa, ya ji kamar ya yi tsalle, sai dai gwiwa ba za ta yarda ba.

"Ka gani!" ya ce da ƙarfi. "Ai da ma tauri suke so!"

Suka taka zuwa buhun. Dogo ya dafa shi da hannun hagu, ya ciro ta farko, ya juya ta a hasken yamma.

"Farin katako," ya ce. "Ka shafa masa launi. Ka kankare tsakiya. Bakin kuma ka ƙara masa nauyi."

Murnar Kafinta ta koma ciki.

"Ni da nake gane yadi ido a rufe, ni za ka miƙa wa wannan ka ce mai tauri ce? Tun kafin yatsana ya kai tsakiya na sani."

"To me ya sa ka harba?"

"Na so in ga cikinmu wa ya yi kuskure." Ya ciro wata, ya haɗa da ta farko. Muryarsa ta yi ƙasa. "Hannun ba ya kai kunne, ko?"

"Ba ya kai."

"Tun yaushe?"

"Tun da ka dawo."

Dogo ya gyaɗa kai. "Ina ji a jikina. Na ɗauka in ban faɗa ba, kai ma ba ka faɗa ba, zai koma da kansa."

Kafinta yana kallon bakan da ke jingine a jikin buhu, yana ganin ƙusar da za a rataye shi a kai.

"Dogo," ya ce, "na ja bakan nan zuwa inda kake tsayawa, har yanzu kafaɗata ba ta dawo daidai ba. Tambayi matata. Wanda ke jansa ana hira ba mai ratayewa ba ne. Kuma ka yafe ni. Abin da ka ce ban yi ba, na zo na yi maka ƙarya ido da ido. Ban taɓa yi wa kowa haka ba. Tsoro ne ya sa ni, kada in wayi gari ni kaɗai a filin nan."

Dogo ya dube shi daga sama har ƙasa. Gefen bakinsa ya fara motsi.

"Wandon nan ya zauna maka?"

Kafinta ya yi sororo. "Wando kuma? Ya zauna mana. Me ya kawo wando?"

"Bai matse ba? Zauna ka tashi mu gani."

"Na ce maka daidai yake. Kamar kullum."

"Kamar kullum," Dogo ya maimaita, sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda Kafinta bai ji ba tun kafin faɗuwar babur. Ya dafa buhu yana yi har da hawaye. "Mutumina, awon samartakarka ko cinyarka ɗaya ba zai ɗauka ba yau. Tun ana goyon babbar 'yarka na jefar da shi."

"Ƙarya kake! Yaushe ka taɓa sa mini tef?"

"Tef na me? Duk Asabar ina awonka." Ya nuna kwarin da ke hannun Kafinta. "Inda ƙullin igiyar nan ya tsaya, nan ne ƙugunka. Sai in ƙara yatsu uku saboda cikin da kake tsukewa."

Kafinta ya dubi igiyar. Ga sawun tsofaffin ƙulle-ƙulle nan a jikinta, baƙi-baƙi, a jere, kowanne ya matsa gaba da na bayansa, har sun kusa ƙarshenta. Kullum tana hannunsa, bai taɓa lura ba. Ya sunkuya ya dubi cikinsa, wanda ya hana shi ganin takalmin da yake yawan gyarawa.

"Matata ta sani?"

"Ita ke kawo mini tsofaffin wandunan in buɗe musu."

"Kai! Munafukai! Shekara da shekaru kuna kallona ina cika baki?"

"Kana jin daɗinka, wandon kuma yana shiga. Wa aka cuta?"

Kafinta ya so ya yi fushi, ya nemi fushin ko'ina bai same shi ba. Abin da ya samu wani sanyi ne a ƙirji, da kunya kaɗan, da son mutumin nan mai taurin kai da ke tsaye yana share ido da bayan hannu. Shi ma ya fashe da dariya, tantabarun da kwano bai kora ba suka tashi.

Dogo ya tattara kibiyoyin ya zuba a kwarinsa. Tsofaffin masu taurin ya ciro su ya miƙa wa Kafinta.

"Riƙe waɗannan, ka yi wa matarka sandunan labule. Irin sababbin kuma ka ƙara mini wasu. In hannun ya sake ja da baya, ka sake kankarewa. Amma kada ka faɗa mini."

"Me zan ce in ka tambaya?"

"Ka ce masu tauri ne. Kibiyar maza." Ya karɓi kwarin daga hannun Kafinta, ya warware igiyar, ya karkaɗe ta. "Rana na tafiya, kai ko ɗaya ba ka harba ba. Ɗaga hannu."

Kafinta ya ɗaga hannuwa sama. Ya ja numfashi zai tsuke ciki yadda ya saba, sai ya fasa, ya sake shi gaba ɗaya ya bar shi ya zauna inda yake so. Dogo ya zagayo da igiya, da ƙyar bakinta biyu suka haɗu.

"Igiyar nan ta tsufa," in ji Dogo yana ƙullawa. "Ta sha danshi, ta tsuke. Zan ɗinko maka wata."